Kawu, Madara da Huhun Rago

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kawu ya riga mu gidan gaskiya wata Laraba da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar, a ƙauyen da ya yi rabin rayuwarsa a ƙasar Kwali, gab da ramin da ake fasa dutse. Ni 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa na tashi bayan rasuwar mahaifina. Ban yi niyyar rubuta komai a kansa ba, sai da na ga abin da masu gaisuwa suka kawo ranar sadakar uku.

Madara suka kawo, ta gwangwani, katan-katan. Masu aikin dutse ne suka zo da ita a bayan tifa, sun yi fari fat da ƙura har gashin ido, suka jibge ta a ƙofar gida. Babbansu ya cire hular kwano ya durƙusa gaban Umma, mahaifiyata, ya ce, "Hajiya, wannan na Baba ne. Shi ya koya mana. In ba don madara na Baba ba, wallahi dukanmu mun mutu tuntuni."

Umma ta fashe da kuka, don ita alheri ta gani. Liman ya ɗaga hannu ya ce Allah ya kai ladan kabarinsa, tsakar gida ta amsa da amin. Wata tsohuwar Bagwariya mai ginin tukwane, maƙwabciyar Kawu tun zuwansa, ta dafa kafaɗata ta ce, "Baba mutum kirki ne. Yarana duka ya sha madara a hannunsa." Tana faɗa tana tari, ita da ba ta taɓa taka ramin nan ba.

Ni kuwa ina tsaye kusa da murhu raina yana tafasa. Ina da baki, kowa ya sani, Kawu kan ce da ana fasa dutse da harshe da an daina sayen nakiya. Amma gidan rasuwa ne, sai na cije. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mai karɓar katan ɗin yana jerawa. Ɗan Kawu ne, ɗansa na fari kuma shi kaɗai, taubashina. Shi ke riƙe da injin huda dutse a lokacin, aikin da ubansa ya bari. Duk katan ɗin da ya ɗaga sai ya juya baya ya yi tari a hannun rigarsa, yana zaton ba mai gani. Kawu ya mutu yana roƙo a kai yaron nan asibiti a duba ƙirjinsa, kuma ni ya ɗora wa nauyin.

Bari in faɗi ko wane ne Kawu, don a gane.

Daga ƙasar Katsina ya zo, zamanin da Abuja take daji ana ta yanka hanyoyi. Da guduma ya fara, ya koma kan injin huda, daga baya aka ba shi heluma, wato shugaban lebura. Dogon mutum ne, siriri, nakiya ta cinye masa kunne ɗaya, saboda haka ba ya magana sai da ƙarfi. Ko sirri zai gaya maka, maƙwabta sun ji. Da soja suka koma bariki aka shiga gine-gine kamar ba gobe, tifofi suka riƙa kwana a layi suna jiran tsakuwa, Kawu ya zama ba ya shiga gari sai ya yi alfahari. Yana cikin mota zai nuna bene ya ce, "Dutsena ne wancan." Ranar da ya fara zuwa gidana a Gwarinpa, inda nake koyarwa, ko zama bai yi ba ya ƙwanƙwasa bango ya kara kunnensa mai kyau, ya ce, "Tsakuwarmu ce. Ki yi barcinki."

Ba ya aiken kowa idan za a tashi nakiya. Da kansa yake ɗaukar usur da jan ƙyalle ya zagaya ƙauyen gida-gida, ya kori yara daga hanya, ya sa a kama awaki. Gidan mai tukwane kuwa sai ya tsaya ya taya ta kwashe ɗanyun tukwanenta su ɗora a kan ƙaiƙayi, don girgizar ƙasa kan tsattsaga su. Oga ya sha yi masa faɗa a kan ɓata lokaci. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Dutsen nan ya daɗe yana jira, zai ƙara."

Abin da usur bai iya korewa ba shi ne ƙura. Fara ce, mai laushi kamar garin alkama. Takan sauka a kan shanya, a kan ganyen dawa, a bakin randa. In ka share tsakar gida da safe, kafin la'asar kana iya rubuta sunanka a ƙasa da yatsa. Mun saba da ita har mun daina ganinta.

A nan madara ta shigo. Kawu ya ce a farkon aiki akwai wani oga, baƙo daga ƙasar waje, da yake raba wa masu huda dutse gwangwani guda idan an tashi. Bai taɓa gaya musu dalili ba, su ma ba su tambaya ba. Kawu ya yanke wa kansa hukunci cewa magani ce: fara ce, ƙura fara ce, tana bi ta wanke ƙirji. Da ogan ya tafi aka daina rabawa, Kawu ya ci gaba daga aljihunsa. Kullum da yamma yakan zauna gindin mangwaron bakin rami da ƙusa a hannu, ya huda gwangwani gefe biyu ya miƙa, yana cewa, "Wanke ƙirji!" Sabon ma'aikacin da ya ce madara tana ɓata masa ciki, sai ya sha faɗa sannan ya sha madara. Yaran ƙauye ma suna layi. Da haka sunansa ya ɓace, ya koma Baba Mai Madara. Wasu ramukan dutsen suka ɗauka, har ta zama doka ba tare da an rubuta ba.

Duk mun yarda. In wani ya rame ya koma garinsu, bayan watanni aka aiko ya rasu, Kawu kan girgiza kai ya ce, "Na sha gaya masa. Wasa yake da madara." Yana faɗa da baƙin ciki na gaske, don yana ƙaunar yaran nan.

Nasa ciwon a hankali ya zo. Ya fara tsayawa a hanyar masallaci yana gaisawa da mutanen da ba ya shiri da su, ashe numfashi yake nema. Sai tari, busasshe, mai fita uku-uku, ya ƙare da wani ɗan fito kamar an matse buta. Duk inda nake a gidan na san tarin nan. Inna, matarsa, tana jinsa take miƙewa da kofin ruwa tana cewa, "Sannu, Malam." An ce tarin fuka ne, ya sha magani wata da watanni, ba sauƙi. Na matsa masa na kai shi babban asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinsa.

Likitar yarinya ce, ba ta kai ni ba. Ta ɗaga hoton a haske ta nuna masa wasu fararen tabo da suka cika ko'ina, ta ce ƙurar dutse ce ta zauna a huhu ta daskarar da shi, kuma ba ta fita.

Kawu ya karkato kunnensa mai kyau. "'Yata, ba ki ji ba ne. Ni ina shan madara. Tun kafin a haife ki ban taɓa fashi ba."

"Baba, madara abinci ce mai kyau," in ji ta. "Amma ciki take tafiya. Ƙura huhu take tafiya. Hanyarsu ba ɗaya ba ce."

"Ba sa haɗuwa?"

"Ba sa haɗuwa, Baba."

"Ko kaɗan?"

Ta girgiza kai. Ta ce abin da ke tsare mutum shi ne a zuba ruwa a kan injin huda don kada ƙura ta tashi, a rufe hanci da takunkumi na ainihi, kuma wanda ya fara tari ya bar wurin.

A hanyar komawa bai nuna bene ko ɗaya ba. Mun wuce rabin hanya na ji yana magana ƙasa-ƙasa, irin ƙasa-ƙasan Kawu da direba ma yana ji. Sunayen matattu yake kira, yaran da suka koma garuruwansu, ɗaya bayan ɗaya, kowa da garinsa. Da ya gama ya ce, "Duk na ce laifinsu ne." Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba.

Da wani ne, da sai ya ja bakinsa ya mutu da darajarsa. Kawu kuwa ranar kasuwa ya sa na raka shi wurin mahauci. Ya sa aka fitar masa da kayan cikin rago gaba ɗaya, daga maƙogwaro har huhu da tumbi, ba a yanke komai ba. Ya tsaya a kansu da ido, ya bi da yatsa, ya tabbatar da kansa. Sannan muka nufi gindin mangwaro daidai lokacin tashi daga aiki.

Ya shimfiɗa kayan a kan faranti, ma'aikata suka kewaye shi. Ya ɗura madara ta hanya ɗaya, ta gangara tumbi kowa yana gani. Ya kama ɗayar ya ce, "Wannan ta iska ce. Ku duba." Ya sa baki zai hura huhun ya kumbura. Bai kumbura ba. Ya sake jan numfashi ya hura, huhun ya ɗan motsa ya kwanta. Tari ya sarƙe shi har ya durƙusa, bakinsa duk jinin rago. Wani ya yi dariya, ba da mugunta ba, sauran suka biye masa.

"Baba, ai mu ba rago ba ne," in ji ɗaya.

"Likita na yanzu, komai sai ya ce ƙarya ne," in ji wani. "Kai da ka sha, ga ka nan har ka yi furfura. Oga nawa ka binne?"

Suka lallaba shi suka zaunar, suka yi masa fifita. Ɗaya ya huda gwangwani ya miƙa masa don tarin ya lafa. Kayan ragon kuwa farfesu suka yi da shi, har suka aiko masa da kwano. Ina tsaye ina kallo, kuka yana cina, haushi yana cina.

Taubashi yana wurin, kuma kunya ta kama shi. Da suka koma gida aka yi faɗan da ban taɓa gani ba tsakaninsu.

"Ka tozarta kanka gaban yaranka," in ji shi. "Baba, da hannunka ka fara ba ni. Ka ce in dai ina sha ba abin da zai same ni."

"Na faɗa. Ban sani ba ne. Yanzu na sani, ka bar injin nan."

"In bar shi in ci me? Mata da yara fa? Aiki ya buɗe, kowa yana gina gida, sai yanzu?"

"To ku zuba ruwa. Ku rufe hanci."

"Ruwa yana rage gudu, tifa tana jira. Takunkumi kuwa in ka sa a zafin nan sai ka shiɗe. Kai ka taɓa sawa?"

Kawu ya ɗauki katan ɗin madarar da ke ɗakin ɗansa ya watsar a kwata, gwangwanaye suna birgima. Taubashi ya bi su yana tsincewa yana gogewa da rigarsa. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su. Inna tana ɗaki tana ji, amma ba ta fito ba. Ɗan fari ne, tana kunyarsa irin ta mutanen da. Tunda ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kallonsa ido cikin ido, in za ta ba shi abinci sai ta ce a miƙa wa "wancan". Ko damuwa na cinta, ba ta da hanyar faɗa masa.

Kawu bai daina ba. Muddin ƙafarsa tana iya kai shi, yana zuwa gindin mangwaro ya zauna ba ƙusa ba gwangwani, yana cewa, "Hanya biyu ce." Suna gaishe shi da ladabi, su koma gefe su sha abinsu. A tsakaninsu suka ce tsufa ya fara taɓa Baba.

Zuwana na ƙarshe da ransa, yana kwance a inuwar zaure da rana, magana tana fita guntu-guntu. Ya ce, "Yaron nan ya fara. Ina jinsa ta katanga. Ni bakina ya lalace. Bakin da ya ce sha, shi ke cewa bari. Wa zai ji?" Ya huta. "Ke taubashiyarsa ce. Ko zaginsa kika yi, ba ya fushi. Ki kai shi a ɗauki hoton."

Na ce na ɗauka. Amma Kawu ya manta abu ɗaya game da taubasantaka. Gaskiya ne ba ya fushi da ni, sai dai kuma ba ya ɗaukar maganata da nauyi. Tun muna yara duk abin da ya fito bakina tsokana ce a wurinsa. Na same shi na ce, "Kai, mai ƙirjin siminti, zo mu je a duba ka." Ya ce, "Malama sarkin iyayi, je ki duba 'yan ajinki." Na cire wasa na ce masa da gaske nake. Ya yi dariya ya ce ban taɓa iya fuskar gaske ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kira matarsa. Har Kawu ya cika ban ci nasara ba.

Shi ya sa ranar sadakar uku nake tsaye kusa da murhu kamar zan haɗiyi zuciya. Ga alƙawari a wuyana, ga mutane sun zo suna yi wa Kawu addu'a da abin da ya mutu yana ƙaryatawa, ga Taubashi ya sami shaidu cike da tifa.

Bayan an shafa fatiha aka fara rabo. Babban ma'aikatan ya ciro ƙusa daga aljihu, ya huda gwangwani gefe biyu yadda Kawu yake yi, ya miƙa wa Taubashi. "Kai ne magaji. Kai za ka fara. Wanke ƙirji!"

Na taho da sauri ban san me zan yi ba. Na ce, "Taubashi, don girman Allah." Ya dube ni ya ɗan yi murmushi, irin na ki bari sai anjima. Ya koma jikin katangar ɗakin Inna, inda take zaman takaba, ya kai gwangwanin baki. Kafin ya kurɓa tari ya taso masa. Wannan karon hannunsa ba a sake yake ba, bai samu ya toshe da riga ba. Ya fita uku-uku, busasshe, ya ƙare da ɗan fiton nan.

Labulen ɗakin ya ɗaga. Inna ta fito da saurinta, kofin ruwa a hannu, mayafinta yana jan ƙasa.

"Sannu, Malam. Ga ru..."

Ta tsaya. Ta dubi wurin da ta ji tarin, ta ga ba Malam, sai ɗanta da gwangwani a hannu. Na ga lokacin da ta tuna an binne mijinta, na kuma ga lokacin da ta gane abin da ta ji. Ba ta kawar da kai ba yadda ta saba. Ta zuba masa ido, ta kira sunansa, sunan yanka, a gaban liman da ma'aikata da kowa. Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, shi ma haka.

"Muryar ubanka ce," in ji ta. "Na ba shi ruwa har ya tafi. Kai ma in fara?"

Ta ajiye kofin a gabansa ta koma ɗaki.

Taubashi ya daɗe a tsaye, madara tana ɗiga ta hujin tana bin yatsunsa. Ya sunkuya ya ajiye gwangwanin kusa da kofin. Ya zo inda nake, idonsa ja, ya kira ni Yaya, shi da bai taɓa ba. Ya ce, "Wace rana ake ɗaukar hoton?"

Mun je. Likitar nan ce dai. Ta ɗaga hoton a haske. Tabon suna nan, ba su kai na ubansa ba. Ta ce abin da ya shiga ya shiga, amma in ya bar ƙura yanzu yana da sauran tafiya mai tsawo, da yardar Allah. Ya bar injin. Yana gadin wani sito a Idu, abin da yake samu bai kai na da ba, kuma yana yi mini gori a kai duk haɗuwarmu. Ina karɓa da hannu biyu.

A bakin rami kuwa ba abin da ya sake. Na bi ta wurin kwanan baya da yamma, na tarar da su gindin mangwaro, fari fat, wani sabo yana riƙe da ƙusa. Suna ganina suka ɗaga gwangwanayensu suka ce, "Allah ya jiƙan Baba Mai Madara!" Na amsa da amin, don addu'a ce, kuma daga zuciya take. Na tsaya na ce musu hanya biyu ce. Suka ce sun gode, Malama.

Shi ya sa na rubuta wannan. Waɗanda suka san shi da madara suna da yawa, ba za su manta da shi ba. Ni ina so a san shi a durƙushe gaban yaransa, da furfurarsa, da jinin rago a baki, yana neman numfashin da zai rushe abin da ya gina da hannunsa.

Ya Allah, Ka san da me ya bayar da kuma da me ya hana. Ka yafe masa abin da bai sani ba, Ka karɓi abin da ya yi bayan ya sani. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka ba shi iska mai daɗi ya shaƙa har ya ƙoshi. Amin.